Nanoselulos: mene ne shi, kuma ina rabon audugar Garwa a ciki?

Duk wanda ya taɓa sayen tsire ko kilishi a Garwa ya san takardar buhun siminti. Mai nama yakan yage ta, ya kakkaɓe, ya naɗe maka namanka a ciki. Ba don kyau ya zaɓe ta ba. Ta fi takardar jarida jure maiƙo da ja, kuma ba ta saurin ɓarkewa a hannu. Tun watan Afrilun 2014 dokar Kamaru ta hana ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce mikiron 60 ba, amma har gobe baƙar leda na nan a kasuwa da cikin kwatami da cikin tumbin awaki, domin ba a samu abin da zai maye gurbinta a farashi ɗaya ba. Takarda ce ta fi kusa, sai dai takarda tana jiƙewa, tana yagewa, mai yana ratsa ta.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu bincike da masana'antu ke bi don gyara wannan rauni shi ne wani abu da ake kira nanoselulos. Da Faransanci da Ingilishi rubutunsa ɗaya ne, nanocellulose. Ana zuba shi a takarda don ta ƙara ƙarfi, ana kuma yin matatar ruwa da ta iska da shi. Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne, mafi tsarkin kayan da ake yin sa da shi auduga ce, arewacin Kamaru kuwa ƙasar auduga ce.

Selulos da girman nano

Selulos shi ne abin da ke ba tsiro tsayuwa. Shi ne ƙashin karan dawa da itace da ciyawa. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Anselme Payen, shi ya fara ware shi ya bayyana shi a 1838. A itace selulos kashi 40 zuwa 50 ne cikin ɗari, sauran kuwa wasu sinadarai ne da ke manne zaruruwan, musamman wanda ake kira lignin. A zaren auduga selulos ya kai kashi 90 cikin ɗari. Takarda ba komai ba ce illa zaruruwan selulos da aka watsa cikin ruwa, aka tsane, aka matse, aka shanya.

Idan ka ɗauki sili ɗaya na auduga, a ido kamar abu guda ne. A gaskiya igiya ce da aka tufka da ƙananan igiyoyi, su ma an tufka su da waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Nanoselulos shi ne abin da ake samu idan aka warware wannan tufka har ƙarshe. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kaurin gashin kan mutum ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Kaurin silin auduga kimanin dubu 12 zuwa dubu 20. Zaren nanoselulos kuwa daga nanomita 3 ne zuwa kamar 100. A aji nakan ce wa ɗalibai su ɗauki gashi ɗaya su tsaga shi gida dubu goma a tunaninsu. Yawanci dariya suke yi, amma lissafin haka yake.

Abin da ke fitowa ba ya kama da auduga ko kaɗan. Wani farin kunu ne mai yauƙi, kamar koko da ya kwana, wanda kusan dukkansa ruwa ne. Kashi biyu cikin ɗari na zaren ya isa ya sa ruwa ya daskare har cokali ya tsaya a ciki.

Iri uku

Na farko shi ne mai dogon zare. Ana samun sa da ƙarfin inji: a jiƙa ƙullun takarda, a tura shi ta ƙaramar kafa da matsi mai tsanani, ko a niƙa shi tsakanin duwatsu, a maimaita har zaren ya tarwatse. Albin Turbak da abokan aikinsa a kamfanin ITT Rayonier na Amurka ne suka fara yin sa a ƙarshen shekarun 1970, suka buga sakamakon a 1983. Daga nan aikin ya kwanta shekaru da dama, saboda wutar da yake ci ta yi yawa: tan ɗaya na iya lashe kilowat-awa dubu 20 zuwa dubu 30. Abin da ya tayar da shi shi ne gano cewa za a iya tausasa zaren kafin a kai shi inji. A Suwidin da Finlan an yi amfani da enzayim, wato sinadaran da halittu ke narkar da abinci da su. A Jami'ar Tokiyo kuma Akira Isogai da Tsuguyuki Saito suka nuna a 2006 cewa wani sinadari mai suna TEMPO, haɗe da ruwan Javel, yana sa zaruruwan su riƙa ture juna, sai su rabu da ɗan motsi kaɗan, kowane da kaurin nanomita 3 zuwa 4. Wannan aiki ya jawo musu lambar yabo ta Marcus Wallenberg a 2015, tare da Yoshiharu Nishiyama. Da irin waɗannan dabaru wutar da ake buƙata ta sauko zuwa kusan kilowat-awa dubu ɗaya ko biyu a kan tan.

Na biyu shi ne mai kama da allura. A jikin zaren selulos akwai wuraren da suka jeru tsaf suka yi tauri, akwai kuma wuraren da suka hargitse. Idan aka dafa zaren cikin asid mai ƙarfi, irin na ruwan batir, a ƙarfin kusan kashi 64 cikin ɗari da zafin digiri 45, asid ɗin yana cinye wuraren da suka hargitse ya bar masu taurin. Abin da ya rage gajerun allurai ne, tsawonsu nanomita 100 zuwa 300 idan daga auduga aka yi. Bengt Rånby na Suwidin ne ya bayyana su wajen 1950. Masana'antar farko mai girma ta wannan iri ita ce ta CelluForce a garin Windsor na lardin Kebek a Kanada, wadda aka buɗe a 2012 da ƙarfin tan ɗaya a rana.

Na uku ba daga tsiro yake ba. Wata ƙwayar bakteriya ce ke saƙa shi a saman ruwa mai sukari, ta yi wata fata mai santsi. Adrian Brown ya lura da ita a Ingila tun 1886. A Filifin ana cin ta a matsayin kayan zaƙi, ana kuma rufe ƙuna da miki da ita a asibitoci. Tana da tsarki, amma tana da jinkiri da tsada, don haka ba ta cika shiga harkar takarda ba.

Za ka ji ana cewa nanoselulos ya fi ƙarfe ƙarfi sau biyar, kuma nauyinsa kashi ɗaya ne cikin biyar na ƙarfe. Zancen nauyin gaskiya ne. Zancen ƙarfin kuwa a kan zare ɗaya tilo ake yin sa, wanda ido ba ya gani. Ba yana nufin buhun da aka yi da shi zai fi ƙofar ƙarfe ba. Masu talla ba su cika yin wannan bayani ba.

Yadda yake ƙarfafa takarda

Ba gam ne ke riƙe takarda ba. Idan zaruruwan selulos biyu suka taɓa juna cikin ruwa sannan suka bushe, sukan kama juna da kansu a daidai inda suka haɗu. Ƙarfin takarda ya dogara ne ga yawan waɗannan mahaɗai. Zaruruwan takarda ta yau da kullum kamar kara ne da aka zube a ƙasa: suna taɓa juna nan da can, amma akwai sarari da yawa a tsakani. Nanoselulos yana shiga cikin sararin, ya kama wannan kara ya kama wancan, kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini. Tunda siriri ne ƙwarai, giram ɗaya nasa na da faɗin jiki da ya ninka na zaren takarda sau da yawa, sai mahaɗan su yawaita.

Ba a buƙatar mai yawa. Kashi ɗaya zuwa biyar cikin ɗari na nauyin takardar ake zubawa. Mai masana'anta yana da zaɓi a kan yadda zai ci ribar ƙarfin da ya ƙaru. Yana iya rage kaurin kwali ya bar ƙarfinsa yadda yake, sai itacen da ake sarewa ya ragu, nauyin da mota ke ɗauka ma ya ragu. Yana iya ƙara farar ƙasa ko alli, waɗanda suka fi zare araha, ba tare da takardar ta yi rauni ba. Yana kuma iya amfani da tsohuwar takarda da yawa. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci a ƙasashenmu. Duk sanda aka sake sarrafa takarda zarenta yana gajercewa yana taurara, bayan sau biyar zuwa bakwai ba ya sake kama juna. Ɗan nanoselulos yana mayar masa da wani ɓangare na ƙarfin da ya rasa.

Idan kuma aka shafa shi a saman takarda ya bushe, yana yin wata fata mai toshe kafofi, wadda mai da iskar oksijin ba sa ratsawa da sauƙi. Nan ne amfaninsa ga mai kilishi da mai ƙuli-ƙuli da mai soyayyar gyaɗa, tunda oksijin ne ke sa mai ya yi ɗaci. Takardun naɗe abinci da yawa a duniya ana hana su shan mai ne da leda siririya ko da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa kuma ƙasashe na ta taƙaita su. Idan aka yi takarda da nanoselulos zalla, ƙarfinta ya kai wani matsayi dabam: a 2008 ƙungiyar Lars Berglund a cibiyar KTH ta Istokholm ta auna irin wannan takarda a megafaskal 214, wato ta shiga sahun wasu ƙarafa.

Rauninsa ruwa ne, ta fuska biyu. Injin takarda yana farawa ne da ƙullun da kashi 99 cikin ɗari nasa ruwa ne, kuma ribar masana'anta tana ga saurin tsane wannan ruwa. Nanoselulos yana riƙe ruwa yana toshe rariyar injin, sai gudu ya ragu, wutar busarwa ta ƙaru. Idan ba a yi lissafi da kyau ba, abin da aka samu a zare sai ya tafi a kuɗin wuta. Ta ɗaya fuskar kuma, fatar da ke tare mai da iska tana saki idan laima ta yi yawa. A watan Maris na Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 iska ta bushe ƙarau, za ta yi aiki yadda ake so. A watan Agusta sai an haɗa ta da kakin zuma ko wani abu mai korar ruwa. Ruwan sha na leda dai ba zai koma takarda ba nan kusa.

Duk da haka abin ya bar ɗakin gwaji. Kamfanin Borregaard ya buɗe masana'anta a Sarpsborg ta Norwe a 2016 mai ƙarfin tan 1,000 a shekara. Nippon Paper ya buɗe tasa a Ishinomaki ta Japan a 2017 mai tan 500. Stora Enso na zuba shi a kwalin madara a Imatra ta Finlan. A kula da waɗannan lambobi: a duniyar da ke yin takarda da kwali kusan tan miliyan 400 a shekara, tan dubu ɗaya ɗigo ne.

Matata

Tace ruwa da zaren selulos ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Uwar gida da ke ɗaura tsabtataccen ƙyalle a bakin randa tana yin sa. Da irin wannan tacewa aka yaƙi kurkunu, domin 'yar halittar ruwa da ke ɗauke da tsutsar tana da girman da ƙyalle zai tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Kamaru ta rabu da kurkunu a 2007, Najeriya da Nijar kuma a 2013. A Bangaladash, binciken da Rita Colwell ta jagoranta, wanda aka buga a 2003, ya nuna cewa tsohon zane da aka ninka sau huɗu ko fiye ya rage kwalara da kashi 48 cikin ɗari a ƙauyuka 65. Kafofin zanen sun kai mikiron 20, ƙwayar kwalara kuwa ba ta wuce mikiron biyu ba. Ya tare ta ne don tana manne a jikin wasu halittu da suka fi ta girma.

Wannan ne iyakar ƙyalle. Ƙwayar da ke yawo ita kaɗai za ta wuce. Ita ma takardar tacewa ta ɗakin gwaji da aka fi sani, Whatman lamba 1, abin da ya kai mikiron 11 take tarewa. Bairos kuwa ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na shan-inna kimanin nanomita 30 ne. Don tare irinsa ana amfani da matatun roba masu tsada.

A 2014 Albert Mihranyan da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka nuna takardar nanoselulos zalla, wadda aka yi da wani gansakuka na ruwa, da matsakaicin faɗin kafofinta nanomita 19, kuma ta tare bairos saboda girmansa kawai, ba tare da wani magani ba. Daga baya suka haɗa kai da masu bincike a Bangaladash suka gwada gansakukan ƙasar a kan ruwan tafki da na kogi, aka buga sakamakon a 2019. Akwai kuma wata hanya: a sauya jikin zaren ya ɗauki cajin lantarki, sai ya riƙa jawo gubar dalma ko rini daga ruwa. Wannan zai yi amfani a duk inda ake rini ko jima ko haƙar zinariya.

Ga mutanen Arewa Mai Nisa, waɗanda suka ga annobar kwalarar 2010 da ta kashe sama da mutum 600 a Kamaru, yawancinsu a wannan yanki, labarin yana da daɗin ji. Amma akwai abin da ya kamata a sani. Kafa mai nanomita 19 ba ta barin ruwa ya wuce da nauyinsa kaɗai cikin sauri, sai da matsi, wato famfo. Ruwan Binuwai na damina, mai ja da laka, zai toshe ta nan take idan ba a fara kwantar da shi an tace da yashi ba. Ba ta cire abin da ya narke a ruwa, kamar gishiri ko sinadarin fuluwo da ke ɓata haƙoran yara a wasu garuruwan kwarin Mayo Tsanaga, sai in an yi mata wani gyara na musamman. Kuma takarda abincin ƙwayoyin halitta ce; idan ta daɗe a jiƙe za ta fara ruɓewa. Ruɓewar ce amfaninta bayan an jefar, ita ce kuma matsalarta lokacin aiki. A yau wannan takarda ba ta kan teburin mai shago a Marwa ko Kusiri. Tafasa ruwa da zuba kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka koyar su ne abin dogaro, kuma duk wanda ya zo maka da matata yana cewa ta nano ce, ka tambaye shi takardar gwajin da aka yi mata.

A ɓangaren iska ma ana aiki. Takunkumin fuska na asibiti da roba ake yin sa, kuma mun ga yadda ya cika bola bayan 2020. Ana gwada yin irinsa da nanoselulos, wanda zai tare ƙura mai laushi ya kuma ruɓe bayan an yar. Yankin da ke shaƙar ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Cadi wata uku ko huɗu a shekara yana da dalilin sa ido a kan wannan.

Abin da ke hannunmu

Noman auduga na zamani ya fara a arewacin Kamaru wajen 1950 a yankin Kaele, a ƙarƙashin kamfanin Faransa na CFDT. A 1974 aka kafa SODECOTON, mai hedikwata a Garwa, wanda ke aiki da manoma kusan dubu 200, yana da masana'antun gurza tara da na tatsar mai biyu, ɗaya a Garwa ɗaya a Marwa, inda man Diamaor ke fitowa. A shekarun baya-bayan nan amfanin gona yakan haura tan dubu 300 na auduga mai ƙwaya. Kusan kashi 41 ko 42 cikin ɗari na wannan zare ne, kuma mafi yawansa ana fitar da shi waje ɗanye. Abin da masaƙar CICAM ta Garwa ke ɗauka kaɗan ne.

Dogon zaren ba shi ne abin dubawa ba. Yana da kasuwarsa, kuma wauta ce a niƙa shi. Abin dubawa shi ne ɗan gajeren gashin da ke saura a jikin angurya bayan an gurza, wanda ake kira linta. Bai isa kaɗi ba, amma bayan an wanke shi selulos ne kusan zalla, ba shi da lignin da za a sha wahalar cirewa kamar na itace. Da shi ake yin takardar tacewa ta ɗakin gwaji da wasu takardu masu daraja. Takardun kuɗi ma auduga ce: na yuro auduga zalla, na dala kashi 75 cikin ɗari. Ga wani lissafi nawa na kan allo: tan dubu 300 na auduga na ba da angurya kimanin tan dubu 160. Idan aka aske kashi biyar cikin ɗari kacal na nauyinta, an sami tan dubu takwas na linta. Ko an cire iri da asara, abin da ya rage ya ninka abin da masana'antar Sarpsborg ke fitarwa a shekara sau da yawa.

Bayan linta akwai karan auduga, wanda ake tuge shi a ƙona bayan girbi don kashe tsutsa, ko a kai shi murhu. Selulos ɗinsa ya kusa na itace. Akwai bambaron shinkafa a Yagwa da Maga da Lagdo. Akwai karan dawa da na masakwa, sai dai wannan yana da masu shi: shanu na ci, ana danga da shi, ana toka. Duk wanda ya rubuta a takarda cewa kara shara ne bai taɓa sayen dami a watan Afrilu ba.

Wani abin sha'awa: littattafan da malamanmu suka rubuta da hannu a ƙarni na 19, daga Sakkwato har Adamawa, da yawansu a kan takarda mai alamar wata uku aka rubuta su. A arewacin Italiya ake yin ta da tsumma, ta biyo ta Masar ko Tarabulus ta ƙetaro Sahara. Har yau ana karanta su, alhali jaridar shekara ashirin ta yi ja tana karyewa. Bambancin shi ne tsarkin selulos. Mun daɗe muna sayen takardar tsumma daga nesa muna zaune a kan auduga.

Wuta, ruwa da hanya

Abin da babu shi ne sauran. Babbar madogarar wutar arewa ita ce madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma ba kullum take kaiwa haka ba, musamman idan ruwa ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun kawo sauƙi, amma mazauna Garwa sun san ɗauke wuta. Da tsohuwar hanya mai cin kilowat-awa dubu 25, duk wutar Lagdo ta awa guda ba za ta yi tan uku ba. Da sababbin dabaru lissafin ya sauya sosai, sai dai su kuma suna buƙatar enzayim ko sinadarai da za a shigo da su daga waje.

Hanyar asid tana da nata nauyin. Tana cin ruwa mai yawa wajen wankewa, tana barin gurɓataccen ruwa mai tsami. Idan ba a sake tattara asid ɗin ba aka bar shi ya gangara Binuwai, masunta daga Garwa har Yola za su biya kuɗin. Kasancewar abu daga tsiro ba ya wanke hanyar da aka bi aka yi shi. Haka ma lafiyar ma'aikata: selulos kansa ba guba ba ne, ana ma sa shi a abinci da ƙwayoyin magani, amma busasshiyar ƙurarsa mai laushi ba abin shaƙa ba ce.

Sai hanya. Ana sayar da nanoselulos mai dogon zare ne a jiƙe, sau da yawa da ruwa kashi 90 cikin ɗari ko fiye, domin idan ya bushe zaruruwan suna manne wa juna su ƙi rabuwa. Daga Garwa zuwa tashar ruwan Duwala ya wuce kilomita dubu, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa ko mota kuma. Ba mai biyan kuɗin ɗaukar ruwa wannan nisa. Shi ya sa kamfani irin FiberLean ke kafa injinsa a cikin harabar masana'antar takarda, a yi a zuba nan take. Arewacin Kamaru kuwa ba shi da babbar masana'antar takarda da za a jingina da ita.

Ƙasar ta taɓa gwadawa. An buɗe masana'antar ƙullun takarda ta Cellucam a Edeya a 1981, da niyyar fitar da sama da tan dubu 120 a shekara. Ba ta yi shekara biyu tana aiki ba ta tsaya, aka rufe ta a 1986, aka bar ƙasa da bashi. A Najeriya ma masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun sha irin wannan wahala. Dukkansu manya ne, an gina su da bashi, sun dogara ga kayan gyara da sinadarai daga waje.

Inda za a iya farawa

A ganina matakin farko ba nano ba ne. Shi ne a aske linta, a wanke, a mayar da ita busasshen ƙullu mai tsabta. Wannan kaya ne da ke da masu saye a duniya, yana jure tafiya, kuma daga shi ake yin duk sauran. Na biyu shi ne ƙananan masana'antu da ke tattara tsohon kwali da takardun makaranta su yi faifan ƙwai da buhunan takarda, irin waɗanda doka ta buɗe wa kasuwa tun 2014. Sai an sami waɗannan ne zancen nanoselulos zai yi ma'ana, kuma irin da zai dace shi ne mafi kauri, wanda dutsen niƙa na musamman ke yi ba tare da asid ba. Bai kai na Tokiyo laushi ba, amma ya isa ya ƙarfafa takardar da aka sake sarrafawa.

Gwaje-gwajen da ake buƙata ba su fi ƙarfin makarantunmu ba. Akwai ENSAI a Jami'ar Ngaundere, akwai makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa, akwai Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ga kuma cibiyoyin IRAD. Tambayoyin a fili suke: linta nawa angurya tamu ke bayarwa, wuta nawa niƙan ke ci, kashi nawa za a zuba kafin takardar ta ƙi tsanewa, kwana nawa kilishi zai yi a cikinta a watan Agusta. Amsoshin da aka samu a Finlan da itacen Finlan da sanyin Finlan ba za su zauna daidai a nan ba. Manoman da ke ƙarƙashin ƙungiyar CNPC-C su ma suna da tambayarsu: idan gashin angurya da karan auduga suka zama kayan sayarwa, a wane sikeli za a auna su, kuma kuɗin zai shiga lissafin farashin kilo da ake sanarwa kafin shuka ko kuwa zai tsaya a masana'anta.